Mai askin da aka rataye a talabijin ɗin Japan: labarin gaskiya ne, kuma wa ya yafe wa wa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ci karo da guntun wani tsohon wasan kwaikwayo na talabijin ɗin Japan, mara kala, inda aka rataye wani mai aski bayan Yaƙin Duniya na Biyu saboda ya bi umarnin manyansa a soja. Wanda ya ɗora shi ya ce wasa ne a kan baƙin ciki da yafiya. Ƙanen kakana ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba, kuma har kakana ya koma ga Allah ba ya ƙaunar jin an ambaci Japan. Sai ga ni ina share hawaye saboda sojan Japan, har na ji kunyar kaina. Shin da gaske an yi wannan mai askin? Kuma ina yafiyar take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kakanka da ƙanensa, ya sa sun huta.

Wasan da ka gani sunansa Watashi wa Kai ni Naritai. Tashar KRT ta Tokyo, wadda yanzu ake kira TBS, ita ta nuna shi a daren 31 ga Oktoba 1958. Kalmar kai a bakin Japanawa suna ce ta halittar nan ta teku mai zama cikin ɓawo, dangin wuri da dodon koɗi, wadda in ta ji motsi sai ta rufe bakinta ruf. Ma'anar sunan wasan ke nan: ina so in zama wannan halitta. Na sha nuna wa ɗalibai shi, kuma ban taɓa kashe akwatin ba tare da ajin ya yi tsit ba, saboda haka kada ka ji kunyar hawayenka. Don su aka gina wasan, kuma maginan gwanaye ne. Shi mai askin ƙirƙirarsa aka yi, amma da itacen gaske aka sassaƙa shi. Yafiya kuwa tana ciki, sai dai tsakanin wasu mutane take dabam da waɗanda kake zato, kuma a nan nake da ja da wasan duk da son da nake masa.

A 1958 talabijin jariri ne a Japan. Tashar ƙasa, NHK, ta fara watsa shiri a Fabrairun 1953, KRT kuma a Afrilun 1955, kuma sai a shekarar wasan nan ne gidajen da ke da akwati suka haura miliyan ɗaya, a ƙasa mai mutane sama da miliyan 90. Da yawa a bakin titi suke kallo, ko a gidan shayi, su yi cincirindo don ganin ɗan kokawa Rikidozan yana nana Amurkawa da ƙasa. Masu harkar fim raina akwatin suke yi, suna ganinsa abin wasan yara. Don ka gane tsufan abin, shekara guda cif bayan wannan dare, ran 31 ga Oktoba 1959, aka buɗe tashar talabijin ta farko a Najeriya, a Ibadan.

Wanda ya rubuta wasan, Hashimoto Shinobu, ya riga ya yi suna wajen rubuta wa shahararren mai shirya fim Kurosawa finafinai. Okamoto Yoshihiko ya ba da umarni. Amma dabarar da ta fi kowace ita ce zaɓen jarumin: Frankie Sakai, makaɗin jaz kuma ɗan barkwanci, mai faffaɗar fuska wadda jama'a suka saba darawa da zarar ta bayyana. Mutumin da ka saba yi wa dariya, in aka sa masa igiya a wuya, abin ya fi ciwo. Kashin farko na wasan an naɗe shi a faifan bidiyo, na'urar da ba ta daɗe da shigowa ƙasar ba. Sauran, wato kotu da kurkuku da daren ƙarshe, kai tsaye aka yi su mutane na kallo a gida. Babu a tsaya a sake. Ɗan wasa ya fito daga wannan ɗaki ya ruga wancan, kyamara ta bi shi. Gumin da ka gani a goshin Sakai na gaske ne, kuma tsoron kuskure da ke jikin ɗan wasan yana haɗuwa da tsoron mutuwa da ke jikin mai askin har ka kasa raba su. Wasan ya ci babbar lambar yabo ta bikin fasaha na ma'aikatar ilimi a wannan shekara, kuma daga nan aka daina yi wa talabijin kallon raini.

Tunda guntu ka gani, bari in cike maka. Shimizu Toyomatsu yana da ɗan shagon aski a lardin Kochi, a tsibirin Shikoku, shi da matarsa Fusae da ɗansu Ken'ichi. Ana tsakiyar yaƙi sai ga jar takarda, wadda da ita ake kiran mutum soja. Ya tafi a matsayin kurtu mafi ƙanƙantar daraja, ga nawa, ga rashin zafin nama, kullum yana shan mari. Wata rana aka harbo jirgin Amurka ƙirar B-29 ya faɗo a kan dutse. Daga can sama Laftanar Janar Yano ya ce a nemo mutanen jirgin a yi abin da ya dace da su. Kula da wannan magana, don ita ce ƙashin bayan wasan. Janar bai ce a kashe ba. Amma maganar tana gangarowa daga baki zuwa baki tana ƙara kaifi, kafin ta iso wurin kyaftin ɗin da ke kan dutsen ta zama a soke su. Aka ɗaure waɗanda aka samu, sun riga sun jigata, a jikin bishiya. Aka zaɓo kurata biyu da aka fi rainawa, wai don a sa musu zuciya, aka ce su ruga da wuƙar bakin bindiga. Toyomatsu ya ruga jiki na rawa, wuƙar ta kauce, hannu kawai ta samu.

Tsaya ka dubi mutumin nan da kyau. Sana'arsa ita ce ya ɗora aska a maƙogwaron mutane, su kuwa su lumshe ido su miƙa masa wuya, don sun amince ba zai yanke su ba. Duk rayuwarsa a kan wannan amana take. Shi aka miƙa wa wuƙa aka ce ya soki ɗaurarre.

Yaƙi ya ƙare, ya koma shagonsa, ya ɗauka magana ta wuce. Sai ga 'yan sanda. A gaban kotun sojan Amurka ya yi ta ƙoƙarin bayani ta bakin tafinta cewa a sojan Japan umarnin na gaba da kai umarnin Sarkin Japan ne, kurtu ba ya cewa a'a ya kwana lafiya. Ba ƙarya ya yi ba, tun 1882 aka rubuta haka a cikin wasiyyar Sarki ga sojoji, wadda ake sa kowane kurtu ya haddace. Su kuwa alƙalan doka ce a gabansu mai cewa bin umarni ba ya wanke mai laifi, iyaka dai ya sa a sassauta masa. Aka yanke masa rataya, aka kai shi kurkukun Sugamo a Tokyo.

A Sugamo ne abin da kake nema yake. Janar Yano ma yana nan yana jiran igiya. Ya nemi ganin kurtun da maganarsa ta hallaka. Da fari Toyomatsu ba ya ko son ganinsa, kuma da gaskiyarsa. Janar ya sunkuyar da kai ya ba shi haƙuri, ya kuma shaida masa ya rubuta takardar koke cewa laifin nasa ne shi kaɗai, a saki na ƙasa da shi. A hankali zuciyar mai askin ta sauko. Ga wanda ya san yadda tazarar janar da kurtu take a wannan runduna, wannan sunkuyon ba ƙaramin abu ba ne. Aka rataye janar. Daga nan aka daɗe ba a rataye kowa ba, raɗe-raɗin sulhu ya cika kurkukun, fursunoni suka fara lissafin komawa gida. Ran nan gandiroba ya zo ya ce wa Toyomatsu ya kwashe kayansa za a canja masa ɗaki. Kowa ya ɗauka sassauci ne ya zo, ana ta yi masa barka, shi ma baki har kunne. Ashe ɗakin ƙarshe ne. Duk sanda na zo wurin nan sai na ji kamar in tsayar da faifan.

Wasiƙar da ya bar wa iyalinsa ita ta ba wasan suna. Ya ce in ana sake dawowa duniya ba ya son ya dawo mutum. Ya yi tunanin saniya ko doki, sai ya tuna su ma ɗan Adam ke gana musu azaba. Gara ya zama halittar nan mai ɓawo a can ƙarƙashin teku, inda babu yaƙi, babu kiran soja, kuma ba zai kwana da damuwar Fusae da Ken'ichi ba.

To, ina gaskiya ina ƙirƙira? Wasiƙar ba Hashimoto ya ƙago ta ba. Ta fito ne daga rubutun Kato Tetsutaro, tsohon laftanan wanda ya shugabanci sansanin fursunonin yaƙi a Niigata. Bayan yaƙi ya gudu ya ɓuya, aka kama shi a 1948, aka yanke masa rataya kan kisan wani fursuna Ba'amurke da ya tsere aka kamo. Ƙanwarsa ta kai kuka har wurin Janar MacArthur, Ba'amurken da ke shugabantar sojojin mamaya a Japan, aka sake shari'ar, ya tsira da ransa. Yana Sugamo ya rubuta labarin da wasiƙar take ciki, aka buga shi a 1953 da sunan aro. Da ya ga maganarsa a talabijin babu sunansa sai ya tayar da ƙayar baya, shi ya sa a kwafin da suka biyo baya za ka ga an rubuta cewa sunan wasan da wasiƙar nasa ne. Ka lura da abin da ya faru a nan: kalaman hafsa mai ilimi, wanda ke da iko a kan fursunoni, kuma ya rayu, aka ɗauke aka sa a bakin kurtu marar iko wanda aka kashe.

Janar Yano kuwa ana yawan danganta shi da Laftanar Janar Okada Tasuku, wanda aka gurfanar a Yokohama a 1948 kan kashe mutum 38 daga cikin sojojin jiragen Amurka. Okada ya ɗauki nauyin komai a kansa, ya kuma kafe a kotu cewa jefa wa farar hula bam ba ji ba gani shi ma laifi ne. An rataye shi a Satumban 1949, kuma babu ko ɗaya daga cikin na ƙasa da shi da aka kashe. Haka nan soke ɗaurarru don horar da kurata ya faru. A tsibirin Ishigaki, a Afrilun 1945, an kashe matuƙa uku, ɗaya an ɗaure shi aka yi ta sukarsa. Kotu ta yanke wa mutum 41 hukuncin kisa, bayan bita aka rataye 7 ran 7 ga Afrilu 1950, kuma su ne na ƙarshe da aka rataye a Sugamo. In aka haɗa duk kotunan da Amurka da Birtaniya da ƙawayensu suka kafa a Asiya don irin waɗannan laifuka, an gurfanar da kimanin mutum 5,700, an kashe sama da 900. Sai dai masanin tarihi Hayashi Hirofumi, wanda ya bi diddigin shari'o'in, ya nuna babu kurtu mai darajar Toyomatsu da aka zartar wa hukuncin kisa. Irinsu ko an yanke musu, akan sassauta a wurin bita.

Me ya sa to mutanen Japan suka karɓi mai askin kamar ɗan'uwansu na jini? Dubi wanda ke mulki a daren da aka nuna wasan. Firaminista shi ne Kishi Nobusuke, minista a gwamnatin Tojo ta lokacin yaƙi, wanda shi ma ya zauna a Sugamo bisa zargin manyan laifuka. An rataye Tojo da mutum shida ran 23 ga Disamba 1948, washegari aka saki Kishi ba tare da shari'a ba, a 1957 ya hau kujera. Sarki Hirohito, wanda da sunansa aka ba da kowane umarni, ko kotu bai taka ba. Fursunonin ƙarshe na Sugamo kuwa a ƙarshen Mayun 1958 aka sallame su, wata biyar kacal kafin wasan. Duk wanda ya zauna gaban akwati a daren ya san an bar jaki ana dukan taiki, kuma kusan kowane gida akwai wanda jar takarda ta ɗauke. Matar da mijinta bai dawo ba ta sami wanda za ta yi kuka a kansa a fili. A wajen zaman makoki wasan ya cika aikinsa, ban san wani na zamaninsa da ya kai shi ba.

Ga inda nake da ja. Mutumin da aka ɗaure a bishiya ba mu san shi ba. Ba mu ga matarsa ba, ba mu ga ɗansa ba, bai bar wasiƙa ba. An nuna mana shagon Toyomatsu har mun san inda kujera take, shi kuwa wancan jiki ne kawai da igiya. Na san abin da mai kare wasan zai ce: jiragen B-29 su suka ƙone Tokyo a daren 10 ga Maris 1945, mutum wajen 100,000 suka mutu kafin gari ya waye, kuma ba a gurfanar da kowa ba. Gaskiya ne, kuma zalunci ne. Amma wanda ya faɗo daga jirgi aka ɗaure hannunsa ya zama fursuna, jininsa amana ne. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na fursunonin Amurka da Birtaniya da ƙawayensu da suka shiga hannun Japan ba su fito da rai ba. Ba a ma zancen Sinawa da Filifinawa da leburorin Asiya da suka mutu a aikin layin dogo tsakanin Tailan da Bama. Ko a cikin waɗanda aka hukunta akwai waɗanda wasan ya tsallake: 'yan Koriya 148, mafi yawansu masu gadin fursuna da Japan ta ɗebo daga ƙasar da ta mallake, an same su da laifi, an kashe 23. In ana neman na ƙasan ƙasa da aka ɗora wa kaya, ga su nan. Wasan ya zaɓi laifi mafi sauƙi, a cikin gida, da hannu mafi rauni, don mai kallo ya tausaya ba tare da ya tambayi kansa komai ba.

Mu da muka taso a zauren malamai muna da ma'aunin da ya dace da wannan. An koya mana haƙƙi iri biyu ne, na Allah da na bawa, kuma na bawa ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. A shari'ar jini, waliyyan mamaci ke da ikon cewa mun yafe, ba sarki ba, ba maƙwabci ba. Malamai sun kuma haɗu a kan cewa tilas ba ta halatta maka ran wani don ka tsirar da naka. A mazhabar Malikiyya wanda ya tilasta da wanda aka tilasta duka suna ɗaukar hukuncin kisan, Imam Abu Hanifa ne ya ɗora shi a kan mai tilastawa. Ka ga ashe gardamar da aka yi a kotun nan tsohuwa ce a wurinmu. Da wannan ma'auni, yafiyar da ke tsakanin janar da kurtu sahihiya ce, domin Toyomatsu ne aka zalunta kuma shi ya yafe. Hukuncin da aka yi masa kuma ya wuce laifinsa nesa ba kusa ba, tunda bai kashe ba. Amma akwai wani haƙƙin da ke wuyansa, na mutumin da ya ruga wa da wuƙa, kuma har ya hau matakalar igiya hankalinsa na kan abin da aka yi masa. A wasiƙar babu neman gafarar kowa, babu kuma yafe wa kowa. Mutum ne da ya yanke ƙauna daga 'yan Adam gaba ɗaya, yana so ya shige ɓawo ya rufe. Duk mai cewa wasiƙar nan yafiya ce bai saurare ta da kyau ba. Ni a wurina ma wannan ne ya sa take da ƙarfi, don ba ta yi wa kowa ƙaryar cewa ciwo ya warke ba.

Wani abin da ke taɓa ni shi ne daga baya Japan ta yi ta komawa kan labarin. Hashimoto da kansa ya mai da shi fim a 1959, aka sake yin sa a talabijin a 1994, aka kuma yin fim a 2008. In za ka nema, nemi na 1958, naɗinsa yana nan. Na baya sun fi kyan hoto, amma babu wannan rawar jiki ta kai tsaye. Sugamo kuwa an rushe shi a 1971, yanzu dogon benen Sunshine 60 ne a wurin, mutane na cin kasuwa.

Saura zancen gidanku. Kakanka ba shi da laifi da ya ƙi jin sunan Japan. Shi ne waliyyin jinin, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ƙofarsa ya ce masa yi haƙuri, ba daga Tokyo ba, ba daga London ba. Kai ma hawayenka ba cin amanarsa ba ne. Abin da ka gani a fuskar mai askin ai shi ne labarin ƙanen kakanka: talaka da aka ɗauke daga sana'arsa, aka sa masa kaki, aka tura shi yaƙin da ba shi ya haɗa ba. Dubban samarinmu suna cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda suka ratsa kwarin Kaladan da dazukan Arakan a 1944 da 1945, suka kama Myohaung a Janairun 1945, Hausa ce harshen barikinsu. Sai dai a wasan nan ƙanen kakanka yana ɓangaren mutumin bishiya ne, ɓangaren waɗanda kyamara ba ta tsaya a kansu ba.

Akwai abin da za ka iya yi a kan wannan. A maƙabartar sojoji ta Taukkyan, arewa da birnin Yangon, an gina ginshiƙai ɗauke da sunayen sojoji kusan 27,000 da suka mutu a yaƙin Bama ba a san kabarinsu ba, kuma akwai 'yan Afirka ta Yamma a cikinsu. Hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashe renon Ingila ta sa rajistarta a intanet, kowa na iya dubawa kyauta. Turawan da ke ɗaukar soja sukan rubuta sunan mutum su haɗa da na garinsu ko na ƙabilarsa a madadin na mahaifi, kuma sukan karkata rubutun yadda kunnensu ya ji. Saboda haka ka tambayi tsofaffin gidanku sunan yankansa da laƙabinsa da garin da aka ɗauke shi, ka gwada kowanne da rubutu iri-iri. In akwai wata tsohuwar takarda ko lambar soja a cikin adakar kakanka, fara da ita.